Liatu Mai Shiga ta Ƙofar Baya

A Gozaki, idan aka ce za a cika mota a tafi birni, mutum ashirin ne ko arba'in, abu biyu ake fara nema: direban da ba ya gyangyaɗi, da Liatu matar Bitrus. Direba in ya yi tsiya a sake wani. Liatu kuwa ba ta da ta biyu, kuma tsakani da Allah mutane da yawa sun gode da hakan.

Aikinta ɗaya ne, ita ke zaɓen inda jama'a za su ci abinci. Ba wanda ya naɗa ta, amma daga matan zumunta masu zuwa taro Zariya har manoman da ke kai auduga Funtua, ba mai kai loma baki a baƙon gari sai Liatu ta ce to. Ga ta 'yar siririya, ga ƙananan idanu masu shiga ko'ina, ga hancin da ke gane miyar jiya ko sau bakwai aka ɗumama ta. Sunan Dubagari da aka laƙaba mata bai taɓa damunta ba. Cewa take yi dubagarin gwamnati ai ƙofar gaba yake bi, shi ya sa ba ya ganin komai.

Ita ta baya take shiga. Za ta bi lungu ta tsallake kwata, ta yi sallama a madafi kamar wadda ta ɓata hanya, ta ce a taimaka mata da ruwa. Ba sha za ta yi ba, so take ta ga daga ina za a ɗebo, da wane hannu, moɗar kuma a ina ta kwana. Daga nan ta ɗauki soson wanke-wanke ta shinshina. Ta tambayi sunan mahaucin da ya kawo nama. Sai kuma ta nemi 'ya'yan mai abincin, ta ga ko daga tukunyar da ake sayarwa ake zuba musu. Abin da ta tsana a duniya uku ne: miya mai yawan yaji, mai abinci mai yawan fara'a, da farin labule a bakin ƙofa. Yaji, in ji ta, ɓoye wari yake yi, fara'a ma haka.

Ko wuri ya tsallake duk wannan, da saura. Sai an zuba mata ita kaɗai ta ci, ta zauna sa'a guda cur tana sauraren cikinta, mutum arba'in na zaune suna haɗiyar yawu suna zaginta a zuci. Wani ma'aikacin asibiti ya taɓa gaya mata cuta ba ta nuna kanta cikin sa'a guda. Ta ce ta ji, ta ci gaba da abinta. Akwai shekarar da ta zagaya da matan zumunta rabin Kaduna, ta ƙi wuri tara, ƙarshe da rogo da ƙuli-ƙuli suka cika ciki a gindin wata bishiya, mata na ƙunƙuni har mota ta shigo Gozaki. Amma da tafiya ta sake tashi, ita ɗin dai aka nema.

Kada a zaci haka aka haife ta. Da can Liatu mai dariya ce, mai saurin yarda da mutane. Gidansu gidan Maguzawa ne, su biyu iyayensu suka bari, ita da ƙaninta. Ita ta yi 'yan shekaru a makarantar mishan, aka yi mata baftisma, ta auri Bitrus. Ƙanin ya musulunta, aka sa masa suna Aƙilu. Wannan bai raba musu kwano ba. In za ta dafa kaza shi take kira ya yanka, don kada ya rasa abin ci a gidanta, shi kuma ko sallah aka yi cinyar rago tata ce. Matarsa Hansai kuwa ƙawa ta zame mata, tare suke surfe, tare suke zuwa rafi.

Shekara ɗaya bayan yaƙin basasa, da aka sayar da auduga, mata goma sha takwas suka tashi zuwa Funtua sayen kwanuka da atamfa. Liatu ce ta taɓa zuwa, ita ke iya karanta allo, don haka ita ta shige gaba. Da yunwa ta kama su ta hango wani gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa, ƙofarsa da farin labule, kwanukansa sababbi suna ƙyalli, mai abincin wata jibgegiyar mata mai wushirya sai dariya take yi tana lale. Liatu ta ce, “Ku zo, nan akwai tsabta.” Suka ci suka sha, har da neman ƙari.

Shekarar amai da gudawa ce. Mata shida suka kwanta bayan sun dawo. Biyar suka tashi. Hansai kwana biyu ta yi, ta rasu a bayan keken shanu kafin a kai bakin titi, ta bar 'yar wata takwas.

Ba wanda ya ce wa Liatu ke ce, kuma ba a bukatar a faɗa. Ranar uku ta tuƙa tuwo ta aika wa Aƙilu, akushin ya dawo ko murfinsa ba a ɗaga ba. Ta sake aikawa ranar bakwai, ya dawo. Ta aika ranar arba'in, ya dawo. Daga nan ba ta ƙara ba. Mutanen gari suka ce ai addini ne ya shiga tsakani, ta ƙyale su, don ta san ba shi ba ne. Suna gaisawa in sun haɗu a hanya, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce. Haka suka yi shekara goma sha biyar, kuma ba ranar da abin bai ci mata rai ba.

A daminar 1986 Aƙilu ya samu kujerar Makka. Kamar yadda maniyyata ke yi, ya shiga gida-gida yana neman gafara. Ya je wurin wanda suka yi rikicin iyakar gona, ya je wurin dillalin da ya taɓa zagi a kasuwar Kafur, har Bitrus ya bi gona ya durƙusa masa. Ƙofar Liatu kaɗai ya tsallake. Tana kallonsa yana wucewa.

Ana saura kwana biyu tafiya sai ga Ladidi, matar da ya aura bayan Hansai, ta shigo da saƙo.

“Yaya, Malam ya ce in gaya miki, 'yan rakiya za su kai shi Funtua, daga can zai shiga motar alhazai zuwa Kaduna. Mutum arba'in ne, da namu da naku. Wai ke yake so ki zaɓi inda za a ci abinci.”

Liatu ta ajiye taɓarya. “Shi ya faɗa da bakinsa?”

“Da bakinsa.”

“Sunana ya kama, ko ku kuka ƙara?”

“Sunanki ya kama, Yaya.”

Wata za ta yi murna. Liatu kuwa sai ta shiga juya maganar tana neman inda ƙugiya take. Mutumin da ya bi kowa ya ƙi zuwa gidanta, yau kuma shi ke neman zaɓinta? Ba shakka so yake a jera kwanuka a gaban mutum arba'in, ya ture nasa, kowa ya gani, sannan ya shiga mota ya tafi ƙasa mai tsarki ya bar ta da abin har kabari. Ko kuma dangin Hansai ne suka kitsa. Ko ita Ladidin, da wannan sanyin muryar tata. Bitrus ya saurare ta har ta gama lissafo mutane, ya ce, “Ke dai, ko ruwan sama sai kin tambaye shi daga ina yake. Ki je kawai.”

Ta je. Ranar tafiya ta bi motar safe ita kaɗai, 'yan rakiya za su iso bayan azahar. Abu ɗaya ta sa a ranta: yau ko Aƙilu zai ture kwano, ba zai samu dalili a cikin kwanon ba.

Wuri na farko sabon otal ne a kan hanyar Zariya, da fanka da kujerun ƙarfe. Mai wurin ya buɗe mata firji yana taƙama. Ta sa hannu ta taɓa naman, ta ji shi ɗumi. Ta ce, “Yaushe aka ɗauke wuta?” Ya ce yanzun nan. Ta dubi jinin da ya taru a ƙasan firjin har ya yi baƙi, ta ce masa sai an jima.

Na biyu wata Hajiya ce a bayan kasuwa, hannu duk awarwaro, tun daga nesa take “Maraba da Mama, maraba da manyan baƙi!” Madafinta ba laifi. Amma a bayan ɗaki Liatu ta hango 'ya'yan gidan suna cin wake da shinkafa daga wata 'yar tukunya dabam. Ta tambaya, Hajiya ta ce ai yara ba sa son tuwo. Liatu ta ce Allah ya raya su, ta fice.

Na uku har ta fara sakin jiki, sai mai garuwa ya shigo ya juye ruwa a randa. Ta bar shi ya fita, ta bi bayansa a hankali, lungu bayan lungu, har ya kai ta bakin wani kududdufi da ruwan sama ya cika, awaki na sha a gefe guda. Ko komawa ba ta yi ba.

Rana ta take tsaka, hadari na haɗuwa ta gabas, zaninta ya yi kaca-kaca da taɓo. Matan zumunta ana iya ba su rogo su yi ƙunƙuni, amma maniyyaci da 'yan rakiyarsa fa? Ta ci gaba da kutsawa lungunan da ba ta sani ba, tana bin hayaƙi, har ta ɓullo a bayan wani gida ta tsaya cak.

Kwatar gidan a share take, an barbaɗa mata toka. Kwanuka a kife kan wani gadon kara, rana na dukansu. A kan murhu uku, tukunya biyu na tuwo da miya ne, ta ukun kuwa, wadda ta fi su girma, ba komai a cikinta sai ruwa yana tafasa. Wata ramammiyar dattijuwa na zaune da jikoki biyu, suna cin tuwo daga tukunyar da ke kan wuta.

“Salamu alaikum. A taimaka mini da ruwa.”

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ba fara'a ko ta sisin kwabo. Liatu ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa.

“A'a, baiwar Allah, tsaya nan. Ba a sa hannu a randata.” Ta ɗauko ludayi mai dogon mariƙi daga jikin ƙusa, ta ɗebo ta zuba a kofi. “Dafaffe ne. In kuma leƙe-leƙe kika zo yi, ga sabulu can, ki wanke hannu tukuna. Daga ina ma kike da wannan taɓon?”

Tunda Liatu ta fara wannan aiki ba a taɓa tsare ta da tambaya ba sai ran nan. Ta wanke hannu. Ta shinshina soso, ba wari. Ta tambayi mahauci, aka gaya mata sunansa da na ubansa da rumfarsa, aka ce kuma a gaban ido ake yankawa kowace safiya. Ta ɗanɗani miyar kuɓewa, yajin daidai. Matar, wadda ake kira Uwa, tana biye da ita taku-taku tana kallon hannunta, kamar ita ce baƙuwar da ba a yarda da ita ba. Karo na farko a cikin shekaru, Liatu ta sha ruwan da ta roƙa.

Suka daidaita a kan mutum arba'in, tuwon masara da shinkafa. Saura ta ga wurin zama. Ta ratsa ta cikin rumfa, tabarmi a shimfiɗe, ta leƙa ƙofar gaba don ta san inda za ta ce wa direba ya tsaya.

Layin dogo ne a gabanta. Ga tashar jirgi a dama, ga tsohuwar ceɗiyar da suka jingina kwanukansu a gindinta. Ƙusoshin da ake rataya labule na nan a saman ƙofa, sun yi tsatsa. Shekara goma sha biyar tana kauce wa wannan titi, in mota ta biyo ta nan ƙasa take kallo, yau ga shi ƙafarta ta kawo ta ta baya. Ta dafa bango.

Ta juyo ta ƙare wa Uwa kallo. Ƙibar ta zube, dariyar babu, amma wushiryar tana nan.

“Da can akwai farin labule a ƙofar nan,” in ji Liatu.

Uwa ta ƙura mata ido. Can ta ce, “Ke 'yar ina ce?”

“Gozaki. Mu goma sha takwas muka ci abinci a nan, shekarar amai da gudawa. Matar ƙanina ba ta tashi ba.”

Uwa ta zauna a bakin tabarma a hankali. “Rijiyar da ke bayan nan ce. 'Ya'yana biyu suka tafi a makon, mace da namiji. Da hannuna na cike ta da ƙasa.” Ta goge fuska da bakin zani. “Waɗanda suka mutu a unguwa na san su, na je na yi gaisuwa. Amma nan bakin tasha ne, mutum ya ci ya shiga jirgi. Ban san su nawa ba ne. Kullum na buɗe ƙofar nan ina jiran wanda zai zo ya gaya mini. Ya sunanta?”

“Hansai.”

“Hansai,” in ji Uwa. “Allah ya jiƙanta.”

Liatu ta fita ba sallama. A tashar mota ta tsaya, yayyafi na sauka. Ta tsani matar nan shekara goma sha biyar, kuma a duk Funtua ba ta ga madafi irin nata ba. In ta kai jama'a wurin Hajiya mai awarwaro, ta san abin da ta gani. In ta kai su bakin layin dogo ta yi shiru, akwai mata huɗu cikin 'yan rakiya waɗanda suka ci a wurin a wancan karon, ɗaya za ta gane ceɗiyar, a ce Liatu ta kai Aƙilu inda aka kashe masa mata, ranar tafiyarsa Makka. Ta duba ta ko'ina, ba ta ga mafita mai daɗi ba.

Motar ta iso cike, maza a gaba, mata a baya suna guɗa. Aƙilu ya sauko cikin farar riga sabuwa, gemunsa ya fara furfura. Liatu ta yafito shi gefe. Rabon da ta yi masa maganar da ta wuce gaisuwa har ta manta.

“Aƙilu, na samu wuri. Amma sai ka ji tukuna. Gidan nan ne na bakin tashar jirgi. Matar ma ita ce.”

Fuskarsa ta canja. Liatu ta ce a ranta, to ga shi nan, ba sai ya jira an jera kwanuka ba.

“Kin duba bayan?” ya ce.

“Na duba.”

“Ruwan fa?”

“Dafaffe ne. Na sha.”

“To, mu je.”

Aka zazzauna, maza a rumfa, mata a tsakar gida. Matan nan huɗu sun gane wurin, suka dubi juna. Kamar kullum aka fara zuba wa Liatu, ta koma gefe ta yi loma uku, ta naɗe hannu ta fara jiran sa'arta. Jama'a suka gyara zama, sun saba.

Sai Aƙilu ya miƙe daga cikin maza. Ya je wurin Uwa ya karɓi sabulu ya wanke hannu, ya ratsa tsakar gida, mata na janye ƙafafu, ya zo ya durƙusa a gaban kwanon yayarsa.

“Yaya, na riƙe ki,” ya ce, ba tare da ya rage murya ba. “Ba zan shiga mota da ƙarya a bakina ba. Akushin nan uku da gangan na mayar, don ki ji zafi. Shekara bakwai ina riƙe da ke. Daga baya abin ya sake ni, na san ba ki da laifi, amma kunya ta hana ni zuwa. Na zaga gari kaf bakina ya buɗe a gaban kowa, da na zo ƙofarki sai na kasa. Shi ne na ce bari dai in ci abin da kika zaɓa. Ki yafe mini.”

Ya yi bisimilla ya kai hannu cikin tuwon. Kafin ta san me take yi, Liatu ta cafke wuyan hannunsa.

“Tsaya! Lokaci bai cika ba. Ko rabin sa'a ban yi ba.”

“Yaya, saki.”

“In wani abu ya same ka a hanya fa? Ni ce dai kuma.”

“Ba ke ba ce. A wancan karon ma ba ke ba ce. Saki.”

Hawaye na bin kumatunta, ita da ko a jana'izar Hansai ba a ga kukanta ba. Ta dubi tuwon, ta dubi tukunyar ruwa da ke tafasa, ta dubi Uwa da ke tsaye da ludayi a hannu. Sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

“Na yafe,” ta ce. “Kai ma ka yafe mini.”

Ya ɗebi loma ya kai baki. Ta tura masa kwanon gabansa, ta juya masa gefen da naman yake.